Kansilan da addininsa ya hana shi yaƙi: ya sauka ko ya zauna?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so mu baje ta, daga tarihin Ingila na ɗauko ta. A farkon 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar shiga soja dole. Ta fara aiki ran 2 ga Maris a kan duk namijin da ba shi da aure daga ɗan shekara 18 zuwa 41, a watan Mayu kuma aka haɗa da magidanta. Amma dokar ta bar ƙofa: mai uzuri ya je gaban kwamitin garinsu ya faɗi uzurinsa. Uzurin iri huɗu ne, wato rashin lafiya, ko aikin da ƙasa ba za ta iya rashinsa ba, ko halin ƙunci da tafiyarsa za ta jefa iyalinsa ko sana'arsa, ko kuma imaninsa ya hana shi ɗaukar makami.

Kwamitocin nan sun kai wajen 2,000, kuma ƙananan hukumomi ne suka naɗa su. Waɗanda suka cika su kansiloli ne da magadan gari da manyan 'yan kasuwa, ga wakilin soja a gefe yana jan kowane uzuri da gardama. To ku ɗauka akwai kansila ɗan ɗarikar Kweka, Kiristocin nan da tun wajen 1660 suka rubuta wa Sarki Charles na Biyu cewa su ba sa yaƙi da makami ko don wane dalili. Jama'a sun zaɓe shi lokacin zaman lafiya don ya kula da ruwan sha da kwata da makarantu. Yanzu majalisarsa ta zama hannun gwamnati wajen tara sojoji. Me ya kamace shi? Ya sauka, ko ya zauna ya ƙi aikin yaƙi, ko ya zauna ya yi duk abin da kujera ta ɗora masa?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam. Ya sauka. Ban ga abin dogon zance a nan ba. Kujera ba ta gadonsa ba ce, ta jama'a ce, kuma jama'ar nan 'ya'yansu na can cikin rami a Faransa ana yi musu ruwan wuta. Ba zai yiwu ka riƙe muƙami ka ce rabin aikin ka yarda da shi rabi kuma Allah ya hana ka ba. Wanda ba zai iya ɗaukar kayan ba ya sauke wa mai iyawa.

Na Gefe:
Baba Tsohon Soja ya yanke hukunci tun ba a zauna ba. Da kai ne shugaban kwamitin nan na 1916 da kafin azahar an sallami kowa zuwa bariki.

Tsohon Soja:
Yaro, da ka taɓa kwana kana jiran canji bai zo ba saboda babu mutane, da ba ka yi dariya ba.

Barista:
Baba, Allah ya ƙara girma, akwai abu ɗaya da ke rikita maganar sauka. A 1915 an yi dokar da ta ɗage zaɓen ƙananan hukumomi, ba a koma yin sa ba sai 1919. Idan kujera ta zama babu kowa, ba akwati ake kafawa ba, sauran kansilolin ne ke zaɓo wanda zai cike gurbin. Kun ga ke nan in kansilan nan ya sauka, ba jama'a ya mayar wa kujerarsu ba, abokan hamayyarsa ya miƙa wa, su kuwa ba za su ɗauko mai irin ra'ayinsa ba. Amma takobin kaifi biyu gare shi: tunda babu zaɓe, waɗanda suka gaji da shi ma ba su da hanyar tsige shi. Yana iya zama shekara huɗu yana magana da sunan mutanen da suka riga suka juya masa baya.

Maman Ummi:
Ni dai inda hankalina ya tafi daban ne. Ku dubi matar da aka ɗauke mata ɗa, ta zo ofishin ƙaramar hukuma neman haƙƙinta, ta tarar da babban mutum a zaune cikin kwat yana cewa shi addininsa bai yarda da yaƙi ba. Wallahi ba za ta ji hujjarsa ba komai kyanta. Abin da za ta gani kawai shi ne nata ɗan ya tafi, shi kuma yana nan lafiya lau, kuma zaman lafiyar da yake ci jinin ɗanta ne ke tsaron sa.

Sai dai kuma, Baba, ba na bin ka a kan sauka. Yaƙi ba ya tsayar da cuta ko yunwa, ƙara su yake yi. Daga 1917 ai ƙananan hukumomin ne aka ɗora wa kwamitocin kula da abinci, su ne suka riƙa lura da rabon sukari da nama lokacin da jiragen ruwan Jamus na ƙarƙashin teku suka matsa. Ga marayu, ga matan sojoji, ga 'yan gudun hijirar Beljiyam da suka cika garuruwa. Duk wannan aikin kansila ne, kuma babu bindiga a ciki. Mutumin kirki ya tashi ya bar wannan don kada rigarsa ta yi datti?

Ɗan Fasto:
Bari in sa baki daga namu ɓangaren, don kada a ɗauka duk Kirista haka ya fahimci abin. Mafi yawan ikilisiyoyi ba su haramta yaƙi ɗungurungum ba. Suna kafa hujja da Romawa 13, inda Bulus ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, da kuma Luka 3, inda sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba, ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu. 'Yan Kweka da 'yan ɗarikar Menonayit, wasu Kiristocin masu ƙin yaƙi, kuwa sun tsaya a kan Huɗuba a kan Dutse, wato juya ɗaya kumatun da ƙaunar maƙiyi, da maganar Yesu ga Bitrus cewa ya mayar da takobinsa kube.

Abin da zai ba Baba sha'awa shi ne, wasu daga cikin masu ƙin yaƙin da kansu sun yarda da shi. Magabatan Menonayit, a wata matsaya da suka rubuta a garin Schleitheim na ƙasar Suwizalan a 1527, cewa suka yi bai dace mai bi ya riƙe muƙamin hukuma ba sam, tunda hukuma da takobi take aiki. Su sun rufe ƙofar tun daga waje. 'Yan Kweka ne suka ce za a iya shiga mulki a gyara, shi ya sa su ne wannan tarkon ya fi kamawa.

Baban Khalifa:
Ɗan Fasto ka kawo mu inda nake so. An taɓa gwada shawarar Baba a aikace. Pensilbaniya, a Amurka ta yanzu, William Penn ɗan Kweka ne ya kafa ta a 1681, kuma mutanensa suka mamaye majalisarta shekara da shekaru. Duk sanda Sarkin Ingila ya nemi kuɗin yaƙi sai su shiga tsaka mai wuya. Dabarar da suka samo ita ce su amince da kuɗin su rubuta cewa don amfanin Sarki ne, ba su ambaci yaƙi ba, ba su kuma tambayi inda kuɗin ya tafi ba. Benjamin Franklin, fitaccen ɗan siyasar Amurka, ya ba da labarin wani karo da suka ware kuɗi don sayen burodi da gari da alkama "da sauran ƙwayoyi", gwamna ya ce ya gane nufinsu, ya je ya sayo albarushi, babu wanda ya ce uffan.

A 1756 dabara ta ƙare. Gwamna ya ƙaddamar da yaƙi a kan ƙabilar Delaware, har da sa lada a kan fatar kan duk wanda aka kashe. A watan Yuni 'yan Kweka shida suka ajiye kujerunsu, wasu suka biyo baya. Sun tsira da imaninsu, kuma daga waje sun kafa ƙungiyar neman sulhu da 'yan asalin ƙasar, sun zuba dukiyarsu a ciki. Amma majalisar ta koma hannun masu son yaƙi, kuma ƙarfin da suke da shi a mulki bai sake dawowa yadda yake ba.

Na Gefe:
Albarushi a cikin jerin hatsi! An ƙi cin biri an ci dila ke nan. Ni na fi girmama shidan da suka tashi a kan waɗanda suka shekara suna wasa da alƙalami.

Ustaz Abu Hafsa:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa. Mu dai a Musulunci babu haramcin yaƙi baki ɗaya, kare rai da gari wajibi ne idan an kawo hari, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma kada mu yi saurin cewa ba mu san mutumin da ya janye hannunsa don tsoron Allah ba. Lokacin fitinar da ta biyo bayan kisan Sayyidina Usman, manyan sahabbai sun ƙi ɗaukar makami a kowane ɓangare: Abdullahi ɗan Umar, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Muhammadu ɗan Maslama, Usama ɗan Zaidu. Sa'adu kuwa shi ne kwamandan Ƙadisiyya, babu mai ce masa matsoraci. Bambancin shi ne su wani yaƙi na musamman suka ƙi, ba yaƙi gaba ɗaya ba.

A kan kujera kuma, nassoshi biyu nake kallo. Abu Zarri ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, aka ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce, kuma ranar ƙiyama abin kunya ce da nadama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Wannan yana goyon bayan Baba. Ga kuma Annabi Yusuf da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba addininsu ɗaya ba, don ya san zai tserar da mutane daga yunwa. Wannan yana goyon bayan Hajiya Maman Ummi. Abin dubawa shi ne wane aiki ne ya fi yawa a kujerar, kuma shin ɓangaren da zai ƙi akwai mai yin sa ba tare da jama'a sun cutu ba.

Tsohon Soja:
Malam, Allah ya saka da alheri, amma sahabban da ka lissafa gida suka koma suka zauna. Ba su riƙe gwamna ko alƙalanci suna cewa ba ruwansu da yaƙin ba. Hujjarka tawa ce.

Ustaz Abu Hafsa:
Rabinta taka ce, Baba. Ai shi ya sa na kawo Annabi Yusuf.

Baban Khalifa:
To bari in faɗi nawa ra'ayin a sassare ni. Ina ganin ya zauna a majalisa, amma kada ya hau kwamitin sauraron uzuri. Dalilina shi ne yadda zaman kwamitin yake. Teburi ne dogo a zauren majalisar gari, mutum ya shigo ya tsaya riƙe da hularsa, a ba shi 'yan mintoci. Mai gasa burodi ya ce in ya tafi shago zai rufe. Wani ya ce shi kaɗai ya rage wa tsohuwarsa. Kafin ƙarshen Yunin 1916 mutum kusan 750,000 sun nemi a ɗaga musu ƙafa, kuma masu ƙin yaƙi don imani 'yan ƙalilan ne a cikinsu, duka-duka wajen 16,000 a tsawon yaƙin. Ma'ana kansilanmu zai wuni ne yana sa hannu a takardar da ke tura mai burodi da ɗan tsohuwa fagen daga. Mutumin da ya ce kisa haramun ne a wurinsa ba zai iya zaɓen wanda za a tura ya yi kisan ba. Wannan ya fi ɗaukar bindiga nauyi, don shi mai bindiga aƙalla ransa ya sa a gaba.

Amma da sharuɗɗa. Ya tashi a zauren majalisa ya faɗi matsayinsa a rubuta, kada ya fake da ciwo ko tafiya duk ranar da za a yi maganar yaƙi. Kada ya yi amfani da kujerar ya yi wa aikin zagon ƙasa, ya ɓoye takarda ko ya ɓata sunayen rajista. Kuma ya nemi aikin da ya fi kowanne wahala cikin waɗanda imaninsa ya yarda da su.

Barista:
Yaya, a nan muka rabu. Ka duba abin da ya faru da aka bar kwamitocin a hannun waɗanda ba su taɓa zama da mai irin wannan imanin ba. Doka ta ba su ikon yafe wa mutum aikin soja gaba ɗaya, amma da yawansu suka yi kamar ba su gani ba. Tambayar da ta yi suna ita ce: me za ka yi idan sojan Jamus ya afka wa mahaifiyarka? In ka ce za ka kare ta a ce to ai ka yarda da faɗa, in ka ce ba za ka yi kisa ba a ce ba ka da mutunci. Da yawa sai a tura su rundunar soja ta marasa ɗaukar makami, su ƙi sa kaki, a gurfanar da su kotun soja. Wajen 6,000 suka shiga kurkuku, sama da 70 suka mutu a tsare ko sakamakon wahalar da suka sha. Da akwai mutum ɗaya a kowane teburi da ya san doka kuma ya san mutanen nan ba ƙarya suke ba, da adadin bai kai haka ba.

Kuma akwai wanda ya bi wannan hanyar. T. Edmund Harvey, ɗan Kweka ne kuma ɗan majalisar dokoki daga Leeds. Shi da Arnold Rowntree na York sun yi faɗi-tashi a kan sashen dokar da ya shafi imani, daga baya Harvey ya zauna a kwamitin gwamnati da ke samar wa masu ƙin yaƙi aikin farar hula. Wasu 'yan uwansa sun ga kamar ya shafa wa dokar mai ne don ta tafi sumul. Amma mutane da yawa ta dalilin irin wannan aikin suka tafi gona ko asibiti maimakon gidan yari.

Baban Khalifa:
Harvey bai tura kowa fagen daga ba, ƙanwata. Kwamitinsa na waɗanda aka riga aka yafe wa ne bisa sharaɗi. Kwamitin gari kuwa dole ka ce wa wani "tafi". Don ka ceci mutum biyu cikin ɗari sai ka sa hannu a kan sauran?

Barista:
Sauran za su tafi ko kana nan ko ba ka nan. Biyun ne kawai zamanka zai canza wa ƙaddara.

Ɗan Fasto:
Wannan lissafin shi ne ainihin abin da ɗan Kweka na gaske ba zai karɓa ba, Barista. A wurinsa tambayar ba "me zai faru" ba ce, "me hannuna ya aikata" ce. Sai dai ko su ba su sami layi ɗaya da kowa ya tsaya a kai ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na samarinsu da suka isa shiga soja sun shiga da ƙafarsu. Wasu suka kafa rundunar ɗaukar waɗanda suka ji rauni tun 1914, suna tuƙa motocin asibiti a Faransa da Beljiyam. Corder Catchpole yana cikinsu tun farko, ya yi aiki a bakin daga. Da dokar tilas ta zo a 1916 sai ya ga rundunar ta zama wata kafa ta injin yaƙin, tunda duk wanda ya yi aikin jinya ya 'yanta wani ya je ya yi harbi, ya ajiye ya dawo gida, ya ƙare a kurkuku sama da shekara biyu. To in ɗaukar majinyaci ma wani na ganin sa hannu ne a yaƙi, rabon sukarin da Hajiya ta ambata fa? Shi ma ai don ƙasa ta jure ta ci gaba da yaƙin ake yin sa.

Maman Ummi:
A'a, Ɗan Fasto, in aka bi ta nan ko numfashi ma taimakon yaƙi ne. Yaron da ke jin yunwa ba ruwansa da wanda ya fara harbi. Wanda ya ƙi ba shi abinci don kada a ce ya taimaki gwamnati, wannan ba tsoron Allah ba ne, son a ga tsarkinsa ne.

Tsohon Soja:
Hajiya ta faɗi abin da ke raina. Ni ba na raina wanda ya ƙi yaƙi in ya yarda ya biya kuɗin ƙin. Na san labarin mutum 16 da aka tsare a ganuwar Richmond a Yorkshire, aka kwashe su zuwa Faransa a 1916 don a can ƙin bin umarni hukuncinsa harbi ne. An tara sojoji a fili, aka karanta musu hukuncin kisa, aka ɗan yi shiru, sannan aka ce an mayar da shi ɗaurin shekara 10. Su 35 aka yi wa haka gaba ɗaya. Har yau rubutun da suka yi da fensir yana jikin bangon ɗakunan da aka kulle su. Wanda ya tsaya ya ji an karanta masa mutuwarsa bai canza magana ba, ni na san namiji ne, ko da ina ganin ya yi kuskure. Amma kansilanku me ya biya? Ya wuce shekarun shiga soja, yana kwana a gadonsa. Imani mai arha ke nan.

Baban Khalifa:
Ba kullum yake arha ba, Baba. Dubi Alfred Salter, likitan talakawa a Bermondsey cikin Landan, ɗan Kweka, wanda ya zama kansila a 1903, matarsa Ada ita ma ta ci kujerar kansila a 1909. Da yaƙi ya ɓarke ya fito fili ya rubuta cewa ba zai iya hango Almasihu yana soka wa wani wuƙar bakin bindiga ba. Unguwar da yake yi wa magani ta juya masa baya, har jifan gidansa an yi. Ya sayi wani gida a Kent inda waɗanda kurkuku ta karya suke zuwa jinya. Abin lura shi ne bayan yaƙi mutanen unguwar nan suka dawo da su: a 1922 Ada ta zama magajiyar garin Bermondsey, shi kuma ya tafi majalisar dokoki. Ba wai sun koma ra'ayinsa ba ne, sun dai san ba ya baki biyu, kuma sun san wanda ke zuwa in ɗansu ba lafiya da tsakar dare.

Barista:
Amma ku lura ita hukuma ba ta yafe da wuri ba. Dokar zaɓe ta 1918 ta hana masu ƙin yaƙi jefa ƙuri'a na shekara 5, sai wanda ya nuna ya yi aikin da aka amince da shi. Sannan a 1921 aka ba da umarnin lalata yawancin takardun kwamitocin, aka bar na Middlesex da na wani yanki a Sukotland a matsayin samfuri. Wani darasin da gwamnati ta ɗauka kuma shi ne, da aka dawo da dokar tilas a 1939, ba a sake ba kansiloli wannan shari'ar ba. An kafa kwamitoci na yanki ƙarƙashin alƙalai, babu wakilin soja a teburin. Mutum wajen 60,000 suka yi rajista a matsayin masu ƙin yaƙi a karo na biyun.

Na Gefe:
To shi ke nan, an cire wa kansila ƙaya. Baban Khalifa a rufe taro.

Maman Ummi:
Ina fa! Yaƙin Duniya na Biyu ne ma ya fi tsanani, don wannan karon wuta har gida ta zo. Dokar 1937 ta ɗora wa ƙananan hukumomi shirin kare jama'a daga harin jiragen sama: maɓoya, masu gadin unguwa, rabon takunkumin kariya daga iskar guba. A farkon Satumban 1939 an kwashe mutum wajen miliyan 1.5 daga birane, yawancinsu yara, kuma hukumomin gari ne suka nema musu masauki. Akwai masu ƙin yaƙi da suka ce haƙa maɓoya shirya zukatan mutane ne su karɓi yaƙi. To daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 bama-baman Jamus sun kashe farar hula sama da 40,000. Kansilan da ya ƙi jefa ƙuri'ar gina maɓoya, da wane ido zai kalli unguwarsa washegarin hari? A nan kam ni ma sai in ce ya sauka.

Ustaz Abu Hafsa:
Hajiya ta ware abin da kyau. Ƙin cutar da wani daban, ƙin kare wanda aka ba ka amanarsa daban. Na farko haƙƙinka ne ka ɗauki nauyinsa a kanka. Na biyu kuwa da rayukan wasu kake yin ibadarka, kuma ba su ba ka izini ba.

Ɗan Fasto:
Wannan ne ya faɗa wa George Lansbury. Tsohon kansilan Poplar cikin Landan ne kuma magajin garinta, wanda a 1921 ya shiga kurkuku tare da 'yan uwansa kansiloli saboda sun ƙi tatsar talakawan unguwarsu haraji. Kirista ne mai ƙin yaƙi har zuci, kuma ya zama shugaban jam'iyyar Leba a 1932. A 1935, da Italiya ke shirin afka wa Habasha, jam'iyyar ta so a sa wa shugaban Italiya Mussolini takunkumi ko da zai kai ga faɗa. Lansbury ya ce shi ba zai iya ba. A taron jam'iyyar a Brighton, Ernest Bevin, jigon ƙungiyoyin ƙwadago, ya caccake shi a bainar jama'a cewa yana yawo da lamirinsa daga taro zuwa taro yana neman a faɗa masa yadda zai yi da shi. Kwanaki kaɗan bayan nan ya ajiye shugabanci, amma bai bar kujerarsa ta majalisar dokoki ba har ya rasu a 1940.

Tsohon Soja:
To kun gani. Da ya ga aikin ya fi ƙarfin imaninsa ya sauka. Kuma Habasha fa? Masu ƙin yaƙi sun tsare imaninsu, Habashawa suka sha iskar guba.

Baban Khalifa:
Ya sauka daga inda zai yanke wa ƙasa hukunci, Baba, ya zauna inda zai yi magana a matsayin murya ɗaya cikin ɗaruruwa. Kansila ma murya ɗaya ce cikin talatin ko arba'in. In ya ƙi, aikin ba ya tsayawa. Magajin gari ko shugaban kwamitin tsaro kuwa in ya ƙi, aiki ya tsaya, wannan shi ne ya kamata ya ba da wuri. Maganar Habasha ba ni da amsar da za ta gamsar da kai, kuma ban ga alamar Lansbury ya samu ba.

Barista:
Murya ɗaya ce har ranar da ƙuri'a ta yi kunnen doki. Ga misali: a 1917 da 1918 an riƙa zagaya garuruwa da tankar yaƙi, a ajiye ta a dandali, magajin gari ya hau kanta ya yi jawabi, mutane su yi layi su sayi takardun bashin yaƙi, garuruwa na gasar wanda zai fi tarawa. Majalisun gari da kansu sun zuba kuɗi a bashin. A ce an kawo ƙudurin zuba kuɗin asusun gari, an raba daidai, saura ƙuri'ar mutuminka. In ya ƙi, ya hana garin abin da rabin wakilansa ke so saboda aƙidarsa shi kaɗai. In ya fita daga zauren kafin a ƙirga, ya koma dabarar albarushi. Yaya, wanne zai yi?

Baban Khalifa:
Ya zauna a kujerarsa ya ɗaga hannu ya ce a'a, a rubuta sunansa. Kuɗin sayen harsashi ba maɓoyar yara ba ne. In an buɗe akwati a 1919 su hukunta shi.

Tsohon Soja:
Waɗanda harsashi ya ƙare musu a 1918 ba za su zo zaɓen 1919 ba.

Maman Ummi:
Baba, iyayensu za su zo, kuma a karon farko har da iyaye mata da yawa, tunda dokar 1918 ta faɗaɗa musu ƙuri'a. Ni da ina cikinsu ban san abin da zan yi da shi ba. Barista, wannan hukuncin na hana su ƙuri'a shekara 5, ya shafi tsayawa takara ma ko jefa ƙuri'a kawai?

Barista:
Sashen a kan rajistar masu jefa ƙuri'a yake magana, Hajiya, kuma waɗanda aka yafe wa aikin soja ko kotun soja ta hukunta don sun ƙi ya shafa. Kansilan Yaya da ya wuce shekarun kira bai taɓa zuwa gaban kwamiti ba, don haka bai shiga ciki ba. Yaran da suka saurari huɗubarsa suka ƙi tafiya su ne suka rasa ƙuri'arsu.